Shari'ar Kuloci a Kan Hanyar Jos

Dalilin wannan tafiya ɗaurin aure ne na ɗan wani amininmu da ya daɗe da zama a Jos, kuma da yake an kawo goron gayyata gare ni da kuma ga maƙwabcina, wani dattijo da ya ƙarar da shekarun ƙarfinsa yana koyar da lissafi a makarantun Kano har ya ajiye aiki, sai muka yanke shawarar mu tafi tare a cikin motarsa, maimakon mu je tasha mu jira motar haya ta cika. Motar nan kuwa Volkswagen Beetle ce, irin wadda mutanenmu ke kira Boswaja, kuma Malam ya riƙe ta tun zamanin da malamin makaranta kan iya karɓar rancen mota ya sayi sabuwa fil a leda, bai taɓa yarda a yi masa maganar sayar da ita ba.

Ya kamata in ɗan gabatar da ita ga wanda bai riski zamaninta ba. Asalinta Jamus ne, inda injiniya Ferdinand Porsche ya tsara ta a shekarun 1930, aka gina mata masana'anta a garin da ake kira Wolfsburg a yau, sa'an nan bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani hafsan sojan Ingila, Manjo Ivan Hirst, ya tayar da masana'antar daga kango a 1945. Daga nan ta bazu a duniya har ta wuce Model T ta kamfanin Ford a yawan ƙira a 1972, aka fara harhaɗa ta a Legas a 1975, kuma ba a daina ƙera ta ba sai a watan Yuli na 2003 a garin Puebla na ƙasar Meziko, bayan an fitar da fiye da miliyan 21. Injinta a baya yake, iska ce ke sanyaya shi ba ruwa ba, kuma abin da ya haɗa matakin kulocinta da ke ƙarƙashin ƙafar direba da kulocin kansa da ke can baya wata doguwar wayar ƙarfe ce da ta ratsa ta cikin doron da ke tsakiyar daɓen motar. A kan wannan waya labarinmu zai kewaya.

Muka bar Kano bayan sallar asuba, a ƙarshen damina, lokacin da gero ya riga ya shiga rumbu dawa kuma tana sunkuyar da kai. Muka bi titin Zariya, muka haye gadar Tamburawa, muka ratsa Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya mayar da ƙasar noman damina ta zama ta shinkafa da alkama da tumatir rani da damina. Tun a nan kunnena ya fara tsintar wani siririn ƙara daga bayan motar, kamar fito, wanda ba ya cikin kukan injin da na saba ji, yana ɗaukaka idan Malam ya ƙara totur, yana sauka idan ya sassauta. Da na ambata masa, sai ya ce shi ma ya ji tun daga Na'ibawa, illa dai bai so ya fara tafiya da mummunar fata ba.

A Kwanar Ɗangora muka saki titin Zariya muka karya hagu, muka nufi Tudun Wada, inda muka tsaya karin kumallo wajen wani mai shayi. A nan ne Malam ya ba ni asalin mas'alar. Ya ce kwanakin baya motar ta fara gurzar haƙora duk sa'ad da ya nemi sa ta a ribas, ya kai ta wani gareji a unguwarsu, ya tarar maigidan ba ya nan, wani yaro daga cikin almajiransa ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure wayar kuloci, gurzar ta ɗauke, ya biya ya tafi yana sa albarka. Muna cikin wannan zance sai wani saurayi mai rigar aiki duk baƙin mai, wanda ya ji mu daga bencin da ke kusa, ya tashi ya kewaya motar sau ɗaya, bai buɗe komai ba bai taɓa komai ba, ya yanke fatawa cewa kulocin ya ƙare gaba ɗaya, sai an sauke inji an sake faifai da murfi da boris, kuma shi yana da wanda zai kawo kayan kafin azahar. Malam, wanda ya shekara da shekaru yana hana yara maki idan sun rubuta amsa ba su nuna hanyar da suka bi ba, ya tambaye shi da wace alama ya gane haka. Saurayin ya ce ai tsohuwar mota ce. Malam ya yi masa godiya, muka shiga muka wuce.

Daga Tudun Wada hanya ta shiga dajin Falgore, wanda a da ake kira dajin Kogin Kano, kurmi mai faɗi da gwamnati ta keɓe domin namun daji, inda itatuwa suka yi tsawo suka haɗe, duwatsu suka fara ɗagowa ta kudu wajen Riruwai, garin da aka sani da haƙar kuza. Matafiya sun fi son su ratsa shi da rana tsaka kuma ba sa son tsayawa a cikinsa, saboda haka ba ƙaramin tashin hankali ba ne da muka ga, a kan wani hawa mai ɗan tsawo, Malam ya taka totur a giya ta huɗu, inji ya ɗaga murya sama, amma gudun motar bai ƙaru da komai ba, sa'an nan wani ƙauri mai kama da na ƙonannen birki ya shigo ta taga. Malam ya ɗaga ƙafa, ya koma giya ta uku, ya lallaɓa ta da totur kaɗan kaɗan har muka kai tudu, kuma haka ya yi ta yi da kowane hawa, ba mai cewa uffan sai salati, har Allah ya fitar da mu daga dajin, muka wuce Doguwa, muka isa Saminaka da hantsi ya ɗaga sosai.

Saminaka, hedkwatar ƙaramar hukumar Lere ta jihar Kaduna, gari ne na masara, kuma a wannan lokaci na shekara ba abin da ido ke gani a bakin titi sai buhuna a jibge da manyan motoci suna jiran lodi. Inda manyan motoci suka yawaita kuwa ba a rasa kanikawa, kuma da muka yi tambaya sai wani mai sayar da taya ya nuna mana wata inuwar mangwaro a bayan layin shaguna, ya ce akwai wani tsoho a can wanda tun yana yaro yake kwance waɗannan injuna masu sanyaya da iska. Muka same shi a zaune a kan tsohuwar kujerar mota, da carbi a hannu, yaransa biyu suna wanke kayan inji a cikin kwanon fetur. Bayan gaisuwa da tambayar hanya, bai tashi ba sai da ya gama yi wa Malam tambayoyi: yaushe ƙaran ya fara, wane hannu ne ya taɓa motar daga ƙarshe, me aka kai ta a gyara a lokacin, kuma ƙaran yana nan ne ko ƙafa tana kan kuloci ko ba ta kai. Na lura da cewa yadda alƙali adali ba ya yanke hukunci sai ya ji mai ƙara da wanda ake ƙara, ya nemi shaidu ya tsarkake su, haka wannan dattijo ya ɗauki al'amarin, kuma duk abin da ya biyo baya sauraron shaidu ne ɗaya bayan ɗaya.

Shaida ta farko ya karɓe ta inji na kashe. Ya durƙusa a bakin ƙofar direba, ya sa yatsunsa biyu a kan matakin kuloci, ya tura shi a hankali, sai ya ɗago ya dubi Malam ya ce, “Allah gafarta Malam, zo ka taɓa da hannunka.” Malam ya taɓa, ya ji matakin a tsaye ƙiƙam tun daga farkonsa. Dattijon ya bayyana mana cewa ƙa'idar wannan mota ita ce matakin ya yi tafiyar milimita 10 zuwa 20 a sake, wato kimanin faɗin ɗan yatsa, kafin hannu ya ji ya fara jan nauyi, kuma hikimar wannan sassauci ita ce ya bar ɗan rata tsakanin boris ɗin kuloci da murfin da ke matse faifai, domin kada boris ya taɓa murfin sai an taka. Idan aka ɗaure waya har sassaucin ya ƙare, boris zai zauna a jingine da murfin yana juyawa tare da inji dare da rana alhali an yi shi ne domin aikin 'yan daƙiƙu, man da ke cikinsa ya ƙone ya fara kuka, kuma tun da yana danne da murfin, murfin ba zai sake matse faifai da cikakken ƙarfinsa ba, sai faifan ya riƙa sulɓewa a kan hawa yana ƙonewa. Da magana ɗaya ya haɗa mana fiton Na'ibawa da ƙaurin Falgore, ya nuna illarsu guda ce.

Duk da haka bai tsaya a kan wannan ba, domin a cewarsa zato ko ya yi ƙarfi bai zama yaƙini ba sai an kore sauran abubuwan da ke iya kawo irin wannan ƙara. Ya sa Malam ya tayar da inji a firi, shi kuma ya koma baya ya buɗe murfin inji ya tsuguna ya karkata kunne, yana ba da umarni da hannu: a ɗaga ƙafa ɗungum, a ɗora ta kaɗan, a taka rabi, a taka har ƙasa, a sa giya a riƙe. Da ya gama sai ya karanta mana babin kamar mai ba da darasi a zaure. Ƙaran da ke farawa da zarar ƙafa ta fara jan nauyi, ya ci gaba muddin ana takawa, na boris ɗin kuloci ne. Wanda ba ya fitowa sai an taka har ƙasa, musamman mota na tsaye giya na ciki, na wani ƙaramin boris ne mai allurai da ke cikin babban notin da ya ɗaure filawil a jikin inji, inda kan sandar giya ke hutawa, domin a wannan hali ne kaɗai inji ke juyawa sandar na tsaye. Wanda ake ji a firi ƙafa na sama, ya ɗauke da an taka, wannan ba laifin kuloci ba ne sam, daga cikin akwatin giya yake, tun da takawar ita ce ke tsayar da sandar da ke juya boris ɗin ciki. Ƙiƙi-ƙiƙin da ake ji ko inji na kashe kuwa na matakin ne ko na ƙugiyar da waya ke rataye a jikinta, kuma maganinsa ɗan giris ne kawai. Kowanne daga cikin waɗannan huɗu kuɗin gyaransa daban, kuma wanda bai rarrabe su ba yana iya biyan kuɗin sauke inji domin abin da cokalin giris zai warkar.

Sa'an nan ya kwanta ya shiga ƙarƙashin motar, ya shafa yatsa a gindin ƙoƙon da ya haɗa inji da akwatin giya, ya fito ya duba yatsan a hasken rana, ya sansana. Ya ce yana neman mai ne, domin idan sil ɗin bayan inji ya yoyo, baƙin mai zai jiƙa faifai ya sa shi sulɓi da karkarwa ko da waya tana daidai, idan kuma na akwatin giya ne, hanci zai gane shi da warinsa na farar wuta. Yatsan ya fito da ƙura busasshiya. Ya kuma duba wani guntun bututu mai lanƙwasuwa da waya ke bi ta cikinsa tsakanin jikin mota da akwatin giya, ya ce wajibi ne ya kasance da ɗan lanƙwasa na milimita 25 zuwa 45, domin idan ya miƙe sambal motar za ta riƙa tsalle-tsalle wajen tashi, a yi ta zargin faifai alhali ba shi da laifi, kuma magani shi ne a ƙara 'yan washa a bakinsa. Namu yana kan ƙa'ida.

Gyaran kansa bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Yaransa suka sa weji, suka ɗaga motar da jak, suka cire tayar baya ta hagu, sai ga ƙarshen wayar ya bayyana da wani noti mai kunnuwa biyu a kan hannun ƙarfen da ke tura boris. Dattijon ya kama wayar da filaya domin kada ta murɗe tare da notin, ya riƙa kwance shi rabin juyi rabin juyi, kowane karo yana kira wa yaron da ke gaba ya taɓa matakin ya faɗi abin da ya ji, har aka sami faɗin yatsa. Ya tabbatar kunnuwan notin sun zauna a gurbinsu, ya sa aka taka matakin sau da yawa aka sake aunawa, ya shafa giris a kan zaren. Da aka tayar da inji ƙafa na sama, fiton ya ɗauke ɗif. Da aka taka, ya dawo a raunane. Ya ja birkin hannu, ya sa giya ta huɗu, ya ɗan ba ta totur ya saki kuloci a hankali, inji ya mutu nan take, ya ce alhamdu lillahi, faifan yana da sauran rai, domin da ya ƙare da inji ya ci gaba da kuka motar na tsaye.

Malam ya ce, “To Alhaji, saura gurzar ribas, wadda ita ce ta kai ni garejin tun farko.” Dattijon ya ce ai ita yake tafe gare ta, domin yaron nan bai yi ƙarya ba da ya ga kuloci ba ya rabuwa sarai, kuskurensa shi ne bai tambayi dalili ba. Ya ce ribas a wannan mota ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora kamar giyoyin gaba, saboda haka ita ce ke fara tona asirin kulocin da bai saki ba. Ya shiga ya taka har ƙasa, ya ɗan dakata, ya danna sandar giya ya ja ta ribas, ta yi ƙarrr. Ya sake takawa yana kallon ƙafarsa, sa'an nan ya sunkuya ya sa hannu a bayan matakin, ya jawo wata sabuwar darduma mai kauri da aka shimfiɗa a daɓen motar, wadda bakinta ya naɗe biyu ya cusu daidai inda matakin ke sauka. 'Ya'yan Malam ne suka saya masa ita domin su ƙawata motar. Da aka janye ta, matakin ya sami cikakkiyar tafiyarsa, ribas ta shiga shiru. Malam ya riƙe dardumar yana jujjuya ta, yaran gareji suka sunkuyar da kai suna danne dariya, shi kuwa dattijon bai ko murmusa ba, ya ce ya taɓa ganin irin wannan, kuma ya ga wadda takalmin yaro ne ya shige.

Muka yi sallar azahar tare da shi a masallacin bakin titi, muka zauna cin gasasshiyar masara, ya ƙara mana wasu fa'idoji. Ya ce abubuwa biyu ne ke canza sassaucin nan, kuma kowanne yana ja ta fuskar da ta saɓa wa ɗan'uwansa: cinyewar faifai tana rage shi, miƙewar waya tana ƙara shi. Saboda haka idan mutum ya ga sassauci yana raguwa sannu a hankali cikin watanni, tsufan faifai ne na al'ada, a sassauta noti a ci gaba. Idan kuwa ya ga yana ƙaruwa farat ɗaya cikin 'yan kwanaki, to silin wayar ne ke tsinkewa ɗaya ɗaya, ɗaure noti ba zai hana ta yankewa ba, sai a sake ta, kuma mai irin wannan mota bai kamata ya yi doguwar tafiya ba tare da wata wayar a ajiye ba. Ya nuna wata Peugeot 504 da ke gefe, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ya ce ita kulocinta da mai yake aiki ba da waya ba, don haka idan matakinta ya yi laushi ko ya nutse, abin dubawa shi ne man ya ragu, ko iska ta shiga, ko robobin famfo sun mutu. Amma hukuncin ƙararraki huɗun nan ɗaya ne a kansu duka. Game da boris ɗinmu, ya ce ya riga ya ji rauni kuma ba ya warkewa, amma zai kai mu Jos ya komo da mu Kano bisa sharaɗi uku: kada Malam ya ɗora ƙafa a kan matakin yana tafiya, kada ya riƙe mota a kan hawa da kuloci alhali ga birkin hannu, kuma duk inda tsayuwa ta yi tsawo ya mayar da ita firi ya ɗaga ƙafa. Ladan da ya karɓa bai kai kuɗin man da muka sha daga Kano ba, kuma sai da Malam ya matsa masa.

Daga Saminaka hanya ta doshi Jengre, tana bin kusan sawun tsohuwar ƙaramar hanyar jirgin ƙasa da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya domin kwasar kuza, wadda ta kai Bukuru a 1914 aka rufe ta a 1957. Bayan Jengre ne ainihin jarrabawar take, domin daga nan ƙasa ke ɗagawa zuwa tsaunin da Jos ke bisansa, fiye da mita 1,200 sama da teku, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba. Motar ta kama hawan a giya ta uku, muryar inji da gudun taya suna tafiya tare ba saɓani, ba ƙauri ba fito, iska tana ƙara sanyi, duwatsu masu ɗaurin kai suna bayyana dama da hagu, da shingayen ƙyarana kewaye da gonakin acca da dankali. Muka wuce Mista Ali, muka shiga gari ta Farin Gada inda ake sauke kabeji da karas da tumatir, muka isa masaukinmu kafin la'asar ta yi sanyi. Washegari aka ɗaura aure, muka ziyarci gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952, inda ake ajiye da gumakan yumɓu na Nok waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa, sa'an nan muka komo ta hanyar da muka bi, lafiya lau.

Bayan komowarmu Malam ya sa aka sauke injin a gabansa, aiki mai sauƙi a wannan mota tun da kusoshi huɗu ne kawai suka riƙe shi a jikin akwatin giya. Aka sami boris ɗin ya bushe yana ƙara a hannu, aka sake shi. Faifan ya ɗan yi sheƙi saboda zafin da ya sha a Falgore amma kaurinsa yana nan, murfin kuma lafiyarsa ƙalau, daidai da hukuncin da aka yanke a Saminaka ba tare da an kwance kusa ko ɗaya ta inji ba.

Nasihata ga mai karatu, idan yana da tsohuwar mota, ita ce ya koyi taɓa matakin kulocinsa da hannu lokaci lokaci, ya san sassaucinsa, kuma ranar da ya ji baƙon ƙara ya kiyaye a wane hali ƙafarsa take sa'ad da ƙaran ya fara da sa'ad da ya ɗauke, domin wannan bayani shi ne rabin gyara. Idan ya je gareji aka yanke masa hukuncin sauke inji kafin a yi masa tambaya ko ɗaya, ya nemi a faɗa masa dalili cikin ladabi. Bakaniken da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya, wanda ya ji haushinta kuwa, a yi masa sallama a nemi wani.